Layi Ɗaya a Littafin Tanderu

Mahaifiyata ta shekara talatin tana aiki a hawan ƙasa na ginin kimiyya a jami'a, cikin wani ɗaki marar taga mai tanderu uku. A gida Umma muke ce mata. A wurin aiki kuwa, daga masu gadi har malamai, Uwar Tanderu kowa ke kiranta.

Da wankin kwalabe ta fara, ina da wata takwas a duniya. Karatunta bai wuce aji uku na sakandare ba. Tsohon da ke kula da tanderun a lokacin idonsa ya soma rauni, sai ya riƙa kiranta ta karanta masa lambar sikeli. Daga karanta lamba ta koma awo, daga awo ta koma niƙa. Ranar da tsohon ya yi ritaya aka duba aka ga ba wanda ya san halin tanderun nan uku sai mai wankin kwalabe. Haka aka bar mata su, ba takardar shaida, ba komai.

Aikinta shi ne toya wasu 'yan ƙwayoyi. Takan auna gari iri biyu, fari da baƙi. Baƙin na wani ƙarfe ne da ake kira iridiyom, wanda ya fi zinari wuyar samu. Takan niƙa su a ɗan turmin dutse cikin wani akwatin gilashi rufaffe, hannuwanta a cikin dogayen safuna na roba, don ko ɗan danshin iska yana ɓata su. Sai ta zuba a ɗan kasko, ta sa a tanderu, zafi ya haura digiri dubu, ya kwana uku a haka. Daga nan sai a riƙa sauke zafin sannu a hankali har kwana bakwai. Umma takan ce saukewar ita ce aikin, sauran duk wasa ne. In an buɗe, sai ka ga 'yan ƙwayoyi baƙaƙe masu sheƙi, ko ƙwayar riɗi ba su kai ba.

Babanmu direban babbar mota ne, mai son tsokana. Wata rana ina jinsa ya ce mata, "Wai ke me kike toyawa ne shekara da shekaru, ba mu taɓa ganin an kawo mana ɗanɗano ba?"

Ta ajiye tsintsiya ta yi masa bayani yadda ta fahimta. Ta ce a cikin kowace ƙwaya ƙarfen nan jere yake kamar saƙar zuma, gida-gida mai kusurwa shida. Kowane ɗigon ƙarfe yana da ɗan maganaɗisunsa, kamar allurar kamfas. In aka sanyaya abu sosai, alluran sukan daidaita da juna su tsaya cak. To a wannan saƙar kowace allura maƙwabta uku gare ta, kuma kowane maƙwabci gefe dabam yake janta, ba yadda za ta yi ta gamsar da su duka. Farfesa, shugaban aikinsu, yana neman ƙwayar da alluranta ba za su taɓa tsayawa ba ko an kai su ƙarshen sanyi. Masana suna kamanta wannan halin da ruwa, don bai daskare ba.

"An samu?" in ji Baba.

"Ba a samu ba. Namu duk in sanyi ya kai wani mataki sai su tsaya."

"Wato dai rigimar maƙwabta kuke nema da gangan. To Allah ya ba da sa'a. Ni dai motata in na taka burki, tsayawa nake so ta yi."

A shekararta ta ashirin da bakwai a wurin, ranar wata Talata da misalin sha ɗaya na safe, Baba ya faɗi a tsakar gida, bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ya saki. Ni na kira ta a waya ina kuka. Daidai lokacin tanderu na uku ya cika kwana ukunsa, yana ta ƙara yana jiran a danna masa maɓallin da zai fara sauke zafi. Maɓalli biyu ne a jikinsa, kore da ja. Da waya a kunnenta ta miƙa hannu ta danna, ta suri jakarta ta fita da gudu. Ja ta danna. Ja kuwa kashe tanderun yake yi gaba ɗaya.

Kwana huɗu ta yi a asibiti. Da ta koma, ta ɗora tafin hannu a jikin tanderun ta ji shi sanyi ƙalau, alhali kamata ya yi a ce har yanzu ba ya taɓuwa. Nan take ta gane. Zafin da ya kamata ya sauka a mako guda ya zube cikin 'yan awoyi. Ta leƙa kaskon, ga ƙwayoyin nan suna sheƙi, ido ba zai ce sun bambanta da na kullum ba.

Akwai wani babban littafi mai baƙin bango inda take rubuta labarin kowane rukuni da ta toya. Wannan shi ne rukuni na arba'in da ɗaya na wannan haɗin. A makon ne kuma sabon shugaban sashe ya rarraba takarda cewa za a sake duba matsayin duk ma'aikacin da ba shi da shaidar karatu. Baba kuwa da katin asibitin ma'aikata na Umma aka kwantar da shi. Ta tsaya da biro a hannu tana kallon layin da ba a cike ba. Sai ta mayar da kaskon cikin tanderu ta rufe, ta jira kwana bakwai suka cika, ta rubuta: "An sauke a hankali, kwana bakwai." Ta sa hannu.

Niyyarta ta tura kwalbar da ta juye ƙwayoyin a ciki can bayan kantar ajiya, daga baya ta niƙe ƙwayoyin ta sake toyawa. Ba ta samu zarafi ba, don tsakanin asibiti da aiki take ta kai da kawo.

A hawa na biyu akwai wata mai bincike da kowa ke kira Dakta, mace mai kimanin shekara talatin da biyar, ita ke kula da injin sanyi inda ake gwada ƙwayoyin. Aikin shekara uku aka ɗauke ta, biyu sun wuce ba ta samu wani abin nunawa ba. Mama take ce wa Umma, kuma kullum tare suke cin abincin rana a bakin matakala. Ranar da Umma ta tafi kai Baba hoton kai, Dakta ta sauko neman ƙwayoyi, ta duba littafi, ta ga arba'in da ɗaya ya kammala, ta lalubo kwalbar ta tafi da ita.

Bayan mako biyu Umma na cikin awo ta ji ana saukowa matakala da gudu. Dakta ce, da takarda a hannu, har takalmi ɗaya ya kusa fita.

"Mama! Mama, bai tsaya ba!"

Ta shimfiɗa takardar a kan tebur. A duk gwajin da aka taɓa yi, layin da injin ke zanawa yakan yi wani ɗan ƙwanƙwasa a inda alluran suka tsaya. Wannan kuwa sumul ya tafi har ƙarshen sanyin da injin zai iya kaiwa.

"Wane rukuni ne?" in ji Umma.

"Arba'in da ɗaya. Hannunki akwai albarka, Mama!"

Ta rungume ta. Umma ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma ta sha jin Farfesa yana gargaɗin ɗalibai: ƙwayar da aka sanyaya da gaggawa saƙarta takan hargitse, hargitsin kuma yakan ɓoye tsayawar alluran, mutum ya ɗauka ya samu abin da ake nema alhali shara ya samu.

"Masha Allah," kawai ta iya cewa.

Daga ranar Umma ba ta sake zama daidai ba. Farfesa ya ce a toya masa irin arba'in da ɗaya da yawa. Ta toya na arba'in da biyu, da uku, da huɗu, duk yadda littafi ya ce. Duka suka tsaya a inda suka saba tsayawa. Wata safiya ya sauko da kansa, mutum ne dogo mai sanyin magana, ya buɗe littafin ya ɗora yatsa a kan layin nan.

"Uwar Tanderu, ki yi tunani da kyau. Me ya bambanta wannan? Garin ne? Kaskon ne sabo?"

"Kaskon dai na kullum ne, ranka ya daɗe."

"Ko wutar lantarki ta yi wasa a makon?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana kallon layin. Ita kuma tana kallon yatsansa. Daga baya ya rufe littafin ya ce, "Ba komai. Ke ba kya kuskure, mu ne ba mu gane wani abu ba tukuna."

A gida muka ga ta fara ramewa, muka ɗauka jinyar Baba ce. In waya ta yi ƙara sai ta zabura har abin da ke hannunta ya faɗi. Matar da ba ta taɓa fasa kasko ba ta fasa biyu cikin wata guda, ta kuma ƙona kanta a gwiwar hannu. Ta daina cin abinci a bakin matakala, ta ce wa Dakta ba ta jin yunwa. In ta ji takun takalmi a saman bene sai ta tsaya cak da cokalin awo a hannu har takun ya wuce. Akwai ranar da ta tarar da farar ambulan a akwatin wasiƙunta, da hatimin ofishin shugaban sashe. Ta kasa buɗewa. Ta yi kwana biyu tana yawo da ita a jaka, sai ni ta miƙa wa ta ce idonta na ciwo. Sanarwa ce cewa za a yi fentin matakala, a riƙa bi ta baya.

A wata na biyar abin ya ƙara girma. Aka ba su kwana biyar a wata babbar cibiya a ƙasar waje, inda ake haska ƙwayoyi da wani irin haske don a ga motsin alluran, dama ce da ake shekara ana jira. Aka gayyaci Dakta ta yi jawabi a wani babban taron masana. Aka rubuta takardar da za a aika don bugawa. Farfesa ya kira Umma ofishinsa, ya juyo mata shafin farko, ya nuna mata sunanta a jerin marubuta, na uku.

"Shekara ashirin da bakwai kina toya mana," in ji shi, "wannan karon ba a ƙasan shafi za a gode miki ba."

Ta fito ta shiga banɗaki ta yi amai.

Ranar Asabar da safe muka kai Baba gashin ƙashi. Muna zaune a benci, muna hango shi ta gilashi yana koyon tafiya tsakanin ƙarafa biyu, yana jan ƙafar dama. A nan ta gaya mini komai, murya ƙasa-ƙasa, ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya.

Ina jin kunyar abin da na ce mata, amma zan faɗa. Na ce, "Umma, wa ya gan ki?"

"Ba kowa."

"To ki yi shiru. In suka je can abin bai yi ba, sai su ce ƙwayar ce ta ba su kunya. Ke dubi Baba. In aka karɓe katin nan ina za mu kai shi?"

"Yarinyar nan za ta tsaya gaban mutum ɗari biyar ta faɗi abin da na san ba haka yake ba."

"Ke ba ki tabbatar ba. Wataƙila ma gaskiya ne sun samu."

"Wataƙila," in ji ta. "Amma littafin nan na san ƙarya ke ciki, don ni na rubuta."

Da yamma, tana shafa wa Baba mai a hannu, ta gaya masa shi ma. Maganarsa a lokacin da ƙyar take fita, kalma ɗaya-ɗaya. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya ce, "Kin… rame." Ya huta. "Je ki… faɗa. Na gaji… da ganinki… haka."

Ranar Litinin na ɗauki izini daga makarantar da nake koyarwa na raka ta. Ta ɗauko littafin ta rungume shi a ƙirji. Sau biyu tana tsayawa a matakala tana riƙe ƙarfe. A ƙofar ofishin Farfesa ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa ta sauke, ta sake ɗagawa. Na zauna a kujerar waje. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, ina jin komai.

Ta faɗa masa tiryan-tiryan, har da mayar da kasko cikin tanderu don kwanaki su cika.

"Ƙarfe nawa kika danna?" in ji shi da ta gama.

"Sha ɗaya da 'yan mintoci, ranka ya daɗe."

"Ƙofar tanderun a rufe take?"

"A rufe."

"Da na sauko na tambaye ki, kin sani?"

"Na sani."

Ya ɗaga waya ya kira Dakta. Ta zo da fara'arta, har ta gaishe ni ta tambayi jikin Baba. Da ta shiga, Farfesa ya ce wa Umma ta maimaita. Ta maimaita.

"Wata biyar," in ji Dakta. Muryarta ba ta tashi ba. "Wata biyar, Mama, kina kallona ina kiran mahaifiyata a waya ina ce mata na samu. Kina kallona ina ƙin wani aikin da aka yi mini tayi."

"Ki yafe mini, 'yata. Tsoro ne."

"Ni ba ni da abin tsoro ke nan?"

Ta fito ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba. Farfesa ya ce wa Umma ta ajiye makullan ɗakin tanderu a kan tebur, ta tafi gida sai an neme ta.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a gida. Duk babur ɗin da ya tsaya a layinmu sai ta miƙe ta leƙa ta taga, tana zaton masinja ne da takardar kora. Ta ƙirga magungunan Baba, ta sake ƙirgawa, tana lissafin kwana nawa za su kai. Ta wanke farar rigar aikinta ta goge ta ninke, ta ce in an kore ta ai kayansu ne, sai a mayar musu da tsabta. A rana ta tara jiri ya ɗebe ta a kicin, muka kai ta asibiti, aka ce jininta ya hau.

A rana ta goma sha biyu ta zauna gaban kwamiti, mutum uku a bayan dogon tebur. Shugaban sashe ya fara da tambayar inda takardar shaidarta take. Ta ce ba ta da ita. Ya rubuta wani abu. Sai Farfesa ya nemi izinin magana. Ya ce ta rubuta ƙarya a littafin aiki, ta kuma ƙara masa wata da baki, wannan ba abin da za a kau da kai ba ne. Ya ce amma da ƙafarta ta zo, kafin a aika takarda, ba wanda ya kama ta kuma ba wanda zai iya kama ta. Ya ce in aka sallame ta, a taimaka a gaya masa wa zai toya masa ƙwayoyin, don shi dai bai iya ba.

Aka ba ta takardar gargaɗi mai zafi, aka dakatar da ƙarin girmanta, aka ce daga yanzu duk layin da ta rubuta sai wani ya duba ya sa hannu a gefe. Katin asibiti bai taɓu ba.

Aikin farko da Farfesa ya ba ta bayan ta koma shi ne ta danna ja da gangan. Sau shida ta toya, kowane rukuni da saurin saukarsa dabam. Duk wanda ya fi saurin yin sanyi, ƙwanƙwasar nan ta fi ɓacewa a layinsa. Da aka ɗauki hoton cikin ƙwayoyin, aka ga saƙar ta zame, hawa bai hau kan hawa daidai ba. Ba abin da ake nema ba ne. Aka mayar da kwana biyar ɗin cibiyar waje, Dakta ta janye daga taron. Suka rubuta wata 'yar ƙaramar takarda kan yadda saurin sanyaya ke ruɗar da mai gwaji. Duk wannan aikin Dakta ta yi shi da Umma ba tare da wata magana ta haɗa su ba sai ta lamba da kwanan wata.

Shekara uku suka cika, ba a sabunta aikin Dakta ba. Ta samu wuri a wani kamfanin batir a wani gari. Ranar tafiyarta ta sauko ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

"Na zo sallama, Mama."

Umma ta zare hannuwanta daga safunan akwati. "Har yanzu ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba."

"Ban huce ba tukuna, kada in yi miki ƙarya. Amma da na hau gaban taron nan na faɗa, daga baya aka gano, ko kamfanin nan ma ba zai ɗauke ni ba." Ta juya za ta tafi. "Ki gaishe da Baba."

Umma ta ƙara shekara biyu da rabi ta yi ritaya. Baba yanzu yana tafiya da sanda, maganarsa ta dawo har da tsokanar. Ita kuma hawan jinin bai rabu da ita ba, kowace safiya tare suke shan magani. Farfesa har yanzu yana nema, bai samu ba.

Duk bayan 'yan watanni Umma takan sa ni in rubuta wa Dakta saƙon gaisuwa a waya. Sama da shekara biyu ba amsa. Watan jiya amsa ta zo, hoto ne na 'yan biyunta mata a kan tabarma, da kalma uku a ƙasa: "Jikokinki na gaisuwa." Umma ta karɓi wayar ta matso da ita kusa da ido, ta nisantar, ta sake matsowa.

"Ƙara mini girmansa," in ji ta. "Ta hagun nan kamar ta fi ƙiba."